Inna, Na Yanka Turminki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Inna Dije, kakata, mahaifiyar babana, kuma matata ta fari wadda ban taɓa yi wa cefane ba. Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi irin wanda ban cika yi miki ba kina raye, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima. Mu nan lafiya lau. An yanke shinkafar damina, an saki ruwa a kanal, kowa ya koma dashen tumatir da albasa. Akuyarki ta haifi biyu, duk sun ɗauko faɗanki.

Na san ba ki karanta boko, ni ma a waya na tsince shi, in na karkace a wani wuri ki yi haƙuri. Na kuma san akwai masu leƙen wasiƙar nan. Su leƙa. Dama ke ba ki taɓa yi mini faɗa a ɓoye ba, sai kin bari an taru.

Inna, laifi na yi, kuma ba irin wanda kika saba ba.

Kin tuna kwaɗon da na kamo a kanal na rufe miki a ƙwaryar fura? Kin tuna ranar da na kwashe goron gwangwaninki na zuba ƙananan gauta, kika gatsa a gaban baƙi, kika daure kika haɗiye don kada su gane? Ko munsharinki da na naɗa a waya na mai da shi ƙarar kira, har ya tashi a zauren liman? Duk abin da na yi, sanda kawai kike ɗagawa ki ce, "Maigida, Allah ya ba ka 'ya'ya goma irinka." Ba ki taɓa kirana Musa ba, tunda sunan mijinki aka sa mini. Amma muna da doka, ke kika kafa ta: duk abin da na ɓoye, takalmi ne ko carbi ko tabarau, sai ya dawo kafin kiran magariba. Ban taɓa karya ta ba, duk gida sun shaida.

Wannan karon abin da na ɗauka ba ya dawowa. Turminki ne, na itacen kirya, wanda kika shigo da shi gidan nan kina amarya. Ki bari in kai aya kafin ki ɗaga sandar.

An sa ranar Rabi. Rabinki, 'yar ɗakinki, wadda kike ɓoye wa ƙanzo a ƙarƙashin gado, ni in na tambaya ki ce ɓera ya cinye. Yaron nan ne na Dawakin Kudu mai gyaran injin ban ruwa, wanda kika ce ya cika sunkuyar da kai kamar ya yar da allura. Shi ta ce tana so, shi aka ba ta.

Kin san tun da ta je Kano koyon kek ba ta da zance sai shi. Ke kin ce soso ne aka zuba wa sukari, alkakinki ɗaya ya fi tire guda, amma na sha kama ki kina lasar yatsa. To ta ce kek ɗin bikinta da hannunta za ta yi, hawa biyu. Wata rana ta nuna mini hoto a waya: wani ɗan mazauni na katako, faifai a sama, ƙafa ɗaya a tsakiya, faffaɗan gindi a ƙasa, an ɗora kek a kai yana taƙama. Ta ce, "Yaya, ina ma in sami irin wannan." Na ce ta kifa murfin tukunya, duk ɗaya ne. Ta jefe ni da ludayi. Amma maganar ta zauna mini.

A injin casar shinkafa da nake ɗinkin buhu a Kura, ɗan mai wurin, Sadik, ya dawo daga makaranta da wani ɗan inji da ya saya don sha'awa, ya ajiye a ɗakin baya inda wutar sola take. Si-en-si yake ce masa. Inna, da kin gan shi da kin yi a'uziyya. Bai kai rabin tabarmar salla ba. A zana abu a kwamfuta, a ɗaure katako a kansa, sai wani ɗan haƙorin ƙarfe ya riƙa juyawa yana kuka kamar taron sauro, yana bin zanen shi kaɗai, ba hannun kowa. Sunayen shaguna Sadik yake sassaƙawa da shi. Ni tsokana ce ta fara kai ni, ƙadangare na je in sa masa a akwatin kayan aiki. Sai na tsaya kallo, har aka nemi mai ɗinkin buhu aka rasa.

Da na faɗa masa abin da nake so, ya ce sai an sami busasshen itace mai tauri wanda ba zai murɗe ba. Nan turminki ya faɗo mini. Tun bayan rasuwarki aka mirgina shi bayan rumbu. Tsagar nan da kika ɗaure da waya ta ƙara buɗewa, gara ta cinye bakin. Wallahi a raina ceto na yi. Na ce da ya ƙare a cikin ƙasa, gwamma Rabi ta tafi da shi ɗakinta.

Ranar da matan gida suka tafi suna, na ɗaure shi a bayan babur. Mai zarto ya yar da ruɓaɓɓen bakin, ya fitar mini da faifai biyu. Ɗaya daga ƙasan ramin, inda taɓarya ta yi shekara da shekaru tana sauka. Ɗaya kuma gindin da ke zama a ƙasa. Ƙugun ya rage a tsakani.

Kirya ba ta san wasa ba. Ranar farko ta karya mana haƙori, guntun ya yi tsalle ya bugi kwanon rufi. Sadik ya ce sai dai a riƙa ci kaɗan-kaɗan, kowane zagaye kaurin farce. Ya koya mini yadda ake saukar da haƙorin a hankali a kan 'yar takarda har ta fara cijewa, a nan injin yake gane inda fuskar itace take. Ni da ban iya zama wuri ɗaya ba, sai ga ni a tsugune tun hantsi har azahar ina share gari da buroshi.

Abin da ban shirya masa ba shi ne ƙamshi. Da haƙorin ya shiga ƙasan ramin, sai ɗakin ya cika da daddawa da citta da jiƙaƙƙen gero, har da barkonon yajinki. Sadik ya yi ta atishawa yana tambaya ko miya na zubar. Ni kuwa na fita waje, na ce gari ne ya faɗa mini a ido.

Adon bakin faifan ni na zana. Kin san ban sauke ba, amma duk wanda ya sauke a makarantar Malam ni nake yi wa zayyanar allo. Abin da aka fi dukana a kai ina ƙarami, shi aka dawo ana nemana dominsa. Na fere alƙalamin kara, na dama tawada, na zagaye takarda da sarƙar nan mai shiga da fita. Ban sa harafi ko ɗaya ba, tunda abinci za a ɗora. Sadik ya ɗauki hoto, kwamfuta ta bi layin, inji ya sauke shi a kan kirya har da inda hannuna ya yi rawa. Na ce ya gyara, ya ce inji ba ya rufa wa kowa asiri.

Ƙugun muka sirance ya zama ƙafa, siririya kamar wuyan zalɓe. Saura gindin. Fuskarsa ta ƙasa baƙa ce, ba ta kuma daidaita ba, muka ɗaure shi a inji da la'asar, da niyyar washegari mu aske ta tas.

Ina komawa gida na tarar Gwaggo Asabe ta iso daga Bunkure, saura kwana tara biki. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce a mirgino turmin Inna a wanke a shanya. Na ce me za a daka, ga inji a bakin titi? Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Daka? A kan me kake so a yi wa amarya wanka?"

Inna, ta ina zan sani? Duk bikin da aka yi a gidan nan, da an zo wankan amarya korarmu kuke yi ku ja ƙyaure. Guɗa kawai muke ji ta kan katanga. Ban taɓa sanin kifa turmin kuke yi ba, ku zaunar da amarya a kan gindinsa, ki zuba mata ruwan lalle da turare da hannunki.

Aka duba bayan rumbu, ba turmi, sai shatinsa a ƙasa. Kin san abin da ya fi yi mini ciwo? Ba wanda ya tayar da hankali. Gaba ɗaya suka juyo gare ni suna murmushi. Umma ta ce, "Kai, je ka fito da shi." Gwaggo ta ce, "Ɗan nema, har yanzu ba ka girma ba." Rabi tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ku ƙyale shi, kafin magariba zai kawo." Aka kira magariba ina zaune a dakali, hannuna biyu babu komai. Suka ce na ƙaro iya shege tunda ba ki nan.

Da safe na je na kwanto gindin daga inji, na zuba duka guda ukun a buhu, na zazzage su a gaban Rabi a tsakar gida. Dariya ta fara yi. Ta leƙa bayana, ta leƙa zaure, tana neman na gaskiyar. Sannan ta ɗauki faifan mai zayyana ta kai hanci. Na ga lokacin da ta gane. Ta ajiye shi a hankali, ta shiga ɗakinki ta saki labule.

Gwaggo ba ta zage ni ba, da ma zagina ta yi. Ta zauna a kan kujerar tsakar gida ta ƙirga mini su da yatsa: ita, da ƙannenta biyu, da yayyena uku, da 'yar maƙwabta marainiya da kika aurar. Mata bakwai. Ta ce ranar da aka kwantar da ke a asibitin Kura kin riƙe mata hannu kin ce, "Ko ya tsage ku zaunar mini da Rabi a kai. Hannuna ba zai kai ba, turmina ya kai."

Na sunkuya na tattara guda ukun na mayar cikin buhu.

Na koma ɗakin Sadik da buhuna. Na daɗe ina kallon baƙar fuskar nan da na so in aske. Sai a ranar na lura gefenta ne kawai ƙasa ta ci. Tsakiyar sumul take, da ja-ja a cikin jijiyar itacen, irin jan da lalle yake bari. Dare ɗaya ya rage tsakaninta da haƙorin inji.

Na ce wa Sadik ba za a taɓa ta ba. Na kuma ce siririyar ƙafar nan a ajiye ta gefe, ina son abin da zai ɗauki mutum. Ya ce wane irin kek ne mai nauyin mutum? Na ba shi labari, ya jawo kwamfuta. Daga guntayen da mai zarto ya rage muka yanka zobba huɗu masu kauri, kowanne da rami a tsakiya. Muka huda gurbi a faifan sama da na ƙasa, ta fuskar da zarto ya yanka, muka zura turke ɗaya ya ratsa su duka, muka shafa gam muka matse kwana biyu. Kyan da ke hoton Rabi ya tafi. Abin ya fito gajere, kakkaura, kamar ke in kin ɗaura zani biyu da sanyi.

Na kifa shi na ɗora buhun shinkafa, bai ce komai ba. Na ƙara na biyu. Daga nan na kira Ɗanlami mai sikeli, kin san shi, wanda in ya hau babur tayar baya take kuka, na ce ya zauna in ɗauke shi hoto. Ya zauna har da gyara hula. Abin bai motsa ba. Na goge shi, na shafe da man gyaɗa sau uku har zayyanar ta fito tana sheƙi.

Saura kwana uku na kai shi gida na ajiye a ƙofar ɗakinki. Na ce wa Gwaggo, a tsaye na kek ne, in an kifa shi kuwa gindin turmin Inna ne, ban taɓa fuskar ba. Ta ce, "An ce maka amarya kek ce?" Ta riga ta aro turmi a gidan maƙwabta, yana jingine a jikin katanga.

Rabi kuwa tun ranar ba ta ce mini uffan ba. Ba gaba take yi ba, Inna, ta fi gaba zafi. In na shigo sai ta sami abin yi a wani wuri. Yarinyar da take tsaya mini gadi in ina ɗaure wa Baba igiyar takalmi, yarinyar da ta sha rantsuwa ba ta gan ni ba alhali ina bayan randa. Na yi tunanin haka za a sa ta a mota a tafi da ita, in zama yayan da ya yanka mata abu ɗaya da kika bar mata. Abinci ya daina shiga. Umma ta ce ko zazzaɓi ne, na ce e.

Ranar kai amarya, bayan azahar, aka kore mu kamar kullum aka ja ƙyaure. Ina waje ina jera kujeru a ƙarƙashin rumfa. Na ji ana waƙa, na ji muryar Gwaggo ta ɗaga kamar ana gardama, na ji shiru. Can sai guɗa. Kujera ɗaya na ɗauka na ajiye ya fi sau biyar.

Da la'asar aka buɗe, wata ƙawar Rabi ta leƙo ta ce in zo in ɗauki abina, za a fito da kek. Na shiga ina kallon ƙasa. Abin da na fara gani turmin aro ne, yana nan jikin katanga, bakinsa a sama, a bushe, kaza ta hau kai. Na juya wajen makwarara. Ga nawa a kife cikin caɓi, baƙar fuskar tana kallon sama, a jiƙe sharkaf. Ruwan lalle ya gangaro ta zobban, ya shiga zayyanar ya cike ta. Man da na shafa duk ya dusashe. Ban taɓa ganin aikina ya lalace na ji daɗi haka ba.

Gwaggo ta zo wucewa da ƙwarya, ba ta dube ni ba ta ce, "Ɗauke ka goge. Bai karye ba." Daga baya Umma ta gaya mini Rabi ce ta tsaya da zani a ƙirji ta ce ba za ta zauna a kan na aro ba, ko a kifa na Inna ko a yi mata a tsaye.

Ina rungume da shi, rigar bikina tana shan ruwan lalle, na bi ta ƙofar ɗakinki. Tana zaune a bakin gadonki an lulluɓe ta, ƙawaye sun kewaye ta. Na tsaya. Sai na ji murya daga cikin mayafi, a shaƙe, irin ta wadda ta sha kuka: "Yaya, ya yi gajarta. Gwiwata har haɓa." Ƙawayen suka fashe. Na ce ai laifin ƙafarta ne, ita ta zaɓi tsawo. Ta miƙo hannu ta ƙarƙashin mayafin ta mintsine ni a dantse, da ƙarfi, har yanzu da shatin.

An ɗora kek ɗin. Itacen ya sha ruwa ya ɗan kumbura ta gefe ɗaya, kek ya karkata kamar hular ɗan gayu, kowa ya gani ba wanda ya ce komai. Gwaggo ta ci yanka biyu. Da za a tafi ta sa aka naɗe mazaunin a zani aka sa cikin kayan amarya, ta ce wa Rabi aro ne, ranar da aka sa ranar wata yarinya a gidan nan a dawo da shi.

To kin ji, Inna. Ban san ko abin da ya rage ya isa a kira shi turminki ba. Na dai san Rabi ta zauna inda kika ce ta zauna. Ta yafe, Gwaggo ma ina jin ta kusa. Ke ce ban ji daga bakinki ba, kuma ke na fi so in ji. Ki yafe mini. Da na tambaya kafin in ɗauka, da wata a cikinsu ta gaya mini. Ina kewarki ƙwarai. Wani lokaci in shirya tsokana tsaf a raina, sai in rasa wadda zan kai wa.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki. Hannun nan da ya wanke 'ya'yan mutane ya kai su ɗakunansu da mutunci, Allah ya ba shi littafinsa ta dama. Allah ya zaunar da Rabi lafiya a gidanta, ya shirye ni, ya haɗa mu da ke a Aljanna Firdausi. Amin.

Naki har kullum,
jikanki Musa.